Kafin Ka Rushe Zauren Nan

Ɗana,

Zanen gidan da ka aiko ya iso. Ƙaninka ya nuna mini shi a waya, yana ta buɗa hoton da yatsu har na ga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Na ga falo biyu, na ga ɗakuna huɗu kowanne da makewayinsa, na ga inda mota za ta kwana. Na yi maka murna ƙwarai, na kuma gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da ɗan ƙanena zai ce zai gyara gidan kakanninsa da guminsa. Da mahaifinka yana raye, da ya fi kowa farin ciki. Ka nemi albarkata, ka kuwa same ta. Amma ka ce in faɗi abin da na gani, to ga shi. Na duba zanen nan sau uku, ban ga zaure ba. Ban ga inda itacen dogon yaron ƙofar gida zai tsaya ba. Ban kuma ga ta inda ruwan sama zai bi ya fita ba. Su ne suka sa na ce a kawo mini takarda da alƙalami, domin maganar ta fi ƙarfin waya.

Ka san asalin garin nan, amma bari in tuna maka. Tambuwal na cikin garuruwan ribaɗi na zamanin Daular Usmaniyya, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kusa da Gwandu. Manufar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello game da ribaɗi ita ce a tattara mutanen da ke warwatse su zauna wuri guda, su yi masallaci da kasuwa da makaranta, su tsare juna. Garin da aka kafa a kan haka, ba a gina gida a cikinsa don mai gida kaɗai. Kowane gida yana da abin da ya ware wa waɗanda ba su kwana a cikinsa: inuwa, ko dakali, ko zaure, ko hanyar wucewa. Ni wannan nake kira rabon jama'a. Ba a rubuta shi a takardar gado, amma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san da shi, ya kuma ci moriyarsa. Kai ma ka ci.

Zauren da kake son rushewa, kakanka ne ya sa aka tayar da shi, ina yaro ina ɗauko wa magina tubali a ka. A cikinsa muka yi karatun allo da asuba. A cikinsa aka ɗaura auren mahaifinka, aka raɗa maka suna, aka kuma karɓi gaisuwar rasuwarsa kwana uku. Fatake da 'yan kasuwa daga Kebbe da Kuchi da Gummi, idan dare ya yi musu a garin nan, ba su tambayar masauki. Sai su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, a kawo ruwa da fura, da safe su kama hanya. Wasu ba mu taɓa sanin sunansu ba. Amma abin da na fi so ka tuna shi ne ciyayya. Bayan isha'i kowane magidanci a layinmu yakan sa a fito da akushinsa, a haɗu a zaurenmu, a jera, a ci tare. Ka yi tunani a kan hikimar da ke cikin wannan. A duk shekara akwai wanda rumbunsa yake ƙarewa kafin sabon gero ya nuna. Irin wannan mutum yakan fito kamar kowa, ya zauna kamar kowa, ya sa hannu a tuwon da ke gabansa. Ba wanda zai tambaye shi ina nasa akushin. Ya ci ya ƙoshi, bai roƙi kowa ba, mutuncinsa na nan. Kakanka kuwa, da ya lura akushin wane bai fito ba kwana biyu, washegari sai ka ga an aika da damin gero ta ƙofar baya, ba tare da an ce uffan ba.

Falo ba zai yi wannan aikin ba, kome girmansa da laushin kujerunsa. Kafin mutum ya kai falo sai ya buga ƙofar ƙarfe, a leƙo, a tambaye shi wa yake nema, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mai yunwa da ke da kunya ba zai buga ba. Zai wuce. Zaure kuwa na gida ne, kuma na titi ne. Shi ya sa magabata suka yi masa ƙofa biyu da ba su kallon juna, suka sa shigifa a bayansa, ta yadda baƙo zai zauna iya son ransa, idonsa bai kai ga tsakar gida ba. Ka ga sun haɗa karamci da sutura a ɗaki ɗaya.

Na san abin da za ka ce, domin ƙaninka ya riga ya faɗa mini: Baffa, zamani ya canja, yanzu ba a barin ƙofa buɗe. Gaskiyarka. Ba zan yi maka musu ba. Tun da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, aka cire Zamfara a 1996, ƙasar Kebbe ta zama bakin iyaka, kuma a 'yan shekarun nan mun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan da ke kusa da daji. Mun ga mata da yara sun shigo gari da ƙullin kaya a ka. Wanda ya ga wannan ba zai zargi mai tayar da katanga ba. Ka yi katangarka, ka sa ƙofar ƙarfe a shigifa, ka kulle da dare. Abin da nake roƙo shi ne ka bar ɗaki ɗaya a jikin katangar mai buɗewa zuwa titi, da dakali a gabansa. Kuma ka sani, katangar da ta hana ɓarawo ganinka ta hana maƙwabci ganinka. A unguwarmu abin da ya fi tsare mu shi ne kowa ya san kowa. Baƙuwar fuska ba ta wuce zaure uku ba a tambaye ta ba. Na je sababbin unguwannin Sakkwato, na bi layi guda tun daga farkonsa har ƙarshe da rana tsaka, bango dama, bango hagu, ban ga mutum ɗaya zaune da zan yi wa sallama ba. Na tambayi mai masaukina sunan wanda suke haɗa katanga da shi, ya ce sai dai su ɗaga wa juna hannu daga cikin mota. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo gida.

Kada ka ɗauka ina cewa ka koma ginin ƙasa don kawai ni tsoho ne mai begen jiya. Na san wahalarsa fiye da kai. Na san yaɓen da ake yi kowace shekara kafin damina, na san gara, na san yadda ake kwana ido biyu idan ruwa ya kwana uku yana zuba, ana sauraren soro. Azara ma yanzu sai an tona, domin giginyar da ake tsagawa an sare ta ba a dasa wata ba. Ko babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini daga ƙasashe suke zuwa kallon bakan gizonsa, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin sallar la'asar, rayuka suka salwanta. Ƙasa tana son kulawa, kuma kai ba mazauni ba ne. Siminti kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kamfanin Kalambaina an kafa shi tun 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, da dutsen ƙasarmu ake yin sa. Ka yi amfani da shi inda ya dace.

Sai dai ka tuna da watan Afrilu. Kai da ka daɗe a kudu wataƙila jikinka ya manta. A nan zafi yakan haura digiri 40, ya yi makonni bai sauka ba. Ɗakin bulo mai siririn bango da rufin kwano mara silin, da rana tanda ne, da dare kuma sai ya riƙa amayar da zafin da ya sha. Soron kakanka kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu a ƙasa, shi ya sa da azahar za ka shiga ka ji kamar an yayyafa ruwa, da hunturu kuma ka ji ɗumi. Zanenka na gani an yi shi ne bisa zaton akwai na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana. Ka fi ni sanin halin wutar lantarki a nan, da kuɗin man janareta. Ranar da ba wuta, gwaggonka ce za ta kwana a ɗakin. Kuma zancen ya wuce na jin daɗi. Sanƙarau lokacin zafi da ƙura yake zuwa, ya fi kuma samun wuri inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Mun ga na 1996, mun ga na 2017 da ya taso daga Zamfara ya shigo mana, ga kuma na farkon 2025 a Gwandu da Jega da Aliero, nan kusa da mu. Don haka ka ce wa mai zanen ya ɗaga bangon sama, ya yi tagogi masu kallon juna, ya sa silin, ya bar rufin ya zarce bango ya yi masa inuwa.

Akwai kuma abin da nake so ka bincika, tunda kai mai karatu ne kuma wayarka tana kai ka ko'ina. A ƙasar Tawa ta Nijar, nan arewa da mu, akwai ƙauyen Yama, inda wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Aikin ya kai har aka ba shi kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin yankin dai, wata 'yar Nijar da ta karanci zanen gini, Mariam Kamara, ita da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka kammala a 2018, da hannun maginan wurin. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare da ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwanon sama da ɗakin don iska ta riƙa bi ta tsakani tana kwashe zafi. A 2022 aka ba shi Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a fagen zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Waɗannan mutane ba talauci ya sa su komawa ga ƙasa ba. Sun duba rana irin tamu, suka duba aljihun mutanensu, suka ga abin da ya fi. Mu kuwa mun kai inda ake jin kunyar a ce gidan wane na ƙasa ne, ko da kuwa a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Gidaje nawa ka gani a bakin hanyar Jega sun tsaya a iya taga, ciyawa ta fito a cikinsu, masu su na zaman haya? Da an yi tushe da dutse da siminti, aka ɗora bangon ƙasa mai kyau, aka rufa da kwano mai faɗin baki, da yanzu 'ya'yansu na ciki.

Yanzu zancen ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Ƙaninka ya ce za ka cike filin gidan da ƙasa ka ɗaga shi sama da titi, ka shafe tsakar gidan da siminti gaba ɗaya. Ɗana, ruwan da ya sauka a gidanka dole ya tafi wani wuri. Idan ƙasa ba ta sha shi ba, kuma kai ka fi kowa tudu, to gidan da ke bayanmu zai shiga, kuma ka san gidan marayu ne, bangonsu na ƙasa ne. Da can kowace unguwa tana da kududdufinta. Ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, shi ne kuma yake karɓar ruwan unguwa da damina. Indararon kowane soro an san inda yake zuba, kowane lungu an san inda yake kai ruwansa. Yau kududdufan nan ana cike su da shara, a daddale, a yanka fuloti a sayar. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Shekarar da aka yi mamako sai ya dawo neman wurinsa, ya tarar da ɗakin kwanan mutum a ciki. Ambaliyar 2010 da ta yanke gadar hanyar jami'a a Sakkwato, da ta 2020 da ta cinye shinkafar Jihar Kebbi, waɗannan na gulbi ne, ba mu da iko a kansu. Amma ruwan da ke rusa gidaje a cikin unguwa sau da yawa mu muke tare masa hanya da hannunmu. Kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa, ka kira maƙwabta uku da ke kewaye da mu da mai unguwa, ku tsaya ku duba gangaren, ku yarda a kan inda lambatu zai bi har ya kai babbar kwata. In ya kama ka biya kuɗin sashen da ya bi ta ƙofar marayun nan, ka biya.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gini. Ya tattara hukunce-hukuncen a littafi guda: na wanda ya buɗe taga tana leƙa tsakar gidan maƙwabci, na wanda ya yi ƙofa daidai saitin ta wani, na wanda ya sako ruwansa ko hayaƙinsa ga jama'a, na wanda ya ci hanya. Duk a kan asali ɗaya suke, cewa ba ka da ikon cutar da wani da abin da ka mallaka. Na kawo maka wannan ne saboda na ji kana tunanin ɗora bene nan gaba. In ka yi, tagogin sama kada su kalli tsakar gidan kowa. Matan gidan suna wanka, suna daka, suna shan iska ba lulluɓi, saboda sun amince bango ya rufa musu asiri. Haka kuma lungun da ke gabas da mu, kada ka ci ko taki ɗaya daga cikinsa. Kowa yakan ce ai ɗan kaɗan ne. Da kaɗan-kaɗan ɗin nan ne lungunan da amalanken shanu ke bi da kaya a da suka koma ko makara sai an karkata ta. Ramin masai kuma a nisanta shi da rijiya, tamu da ta maƙwabta, a sa shi ta gangare. Ka tuna kwalarar 2021 da yadda ta yi ɓarna a jihohin nan namu.

Dogon yaron ƙofar gida mahaifinka ne ya dasa shi, ya yi ta ɗauko masa ruwa daga rijiya rani biyu. An ce yana tare inda mota za ta shiga. A matsar da ƙofar motar. Ƙarfe ne, a yini ɗaya ake walda shi, inuwar nan kuwa shekara arba'in aka yi ana jiran ta. Ƙarƙashinta mai gyaran takalmi yake zama, nan 'yan makaranta suke tsayawa su huta, nan tsofaffi muke jiran la'asar.

Sai maganar da ya kamata in fara da ita. Ka nuna wa gwaggonka zanen nan? Ka nuna wa matan gidan? Mu maza da safe muke fita, sai dare. Su ne suke yini a ciki, su suka san inda rana take faɗawa da hantsi da inda hayaƙi yake taruwa. Na ga an yi ɗakin girki na zamani a cikin gida, ƙarami, irin na gas. Yana da kyau. Amma ranar suna ko biki, a ina za a kafa tukwane goma? A ina za a yi sussuka da daka, a shanya kuka da kuɓewa, a ɗaure akuya? Gwaggonka da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta aurar da 'ya'yanta mata biyu, a tsakar gidan nan take suya. Mata da yawa a garin nan tsakar gida ita ce kasuwarsu da masana'antarsu. Wanda ya ƙuntata ta ya taɓa jarinsu bai sani ba. Akwai kuma 'yar ƙofar nan da ke tsakaninmu da gidan kudu, wadda ba ta cikin zanenka. Ta nan mata suke bi su ɗebo wuta, su ari turmi, su kai wa mai jego ruwan zafi da tsakar dare ba sai sun fita titi ba. Daren da aka haife ka, ta nan ungozoma ta shigo. In ka toshe ta, tsohuwar da ƙafarta ba ta kai ta zagaye sai ta yini ba ta ga kowa ba. Na ga tsofaffin da 'ya'yansu suka gina musu gida mai tayil da fanka, suka rame a ciki don kaɗaici.

Kuma gidan nan ba naka ne kai kaɗai ba. Gado ne da ba a raba ba. Akwai haƙƙin gwaggonka, akwai nawa, akwai na ƙannenka mata a cikin rabon mahaifinku. Yau kowa na murna za ka kashe kuɗi. Bayan shekara ashirin, idan ba mu, 'ya'yanka za su ce ubansu ya gina, 'ya'yan 'yan'uwanka su ce filin kakansu ne. Na zauna a sulhun irin wannan ba sau ɗaya ba, na ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa. Kafin a ɗora bulo, a kira malami ya fitar wa kowa rabonsa, wanda zai yafe ya yafe da bakinsa, wanda za a biya a biya shi, a rubuta, shaidu su sa hannu, a kai wa uban ƙasa ya sani. Mata musamman kada a bar su da kunya ta sa su yin shiru, a ce sun yarda.

Garin nan yana girma fiye da yadda muke lura. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal ta haura mutum 220,000, Kebbe ta haura 120,000, yaran da aka haifa a shekarar kuwa yanzu wasunsu na neman ɗakin aure. Gonakin da muka noma a bakin gari sun zama fegi. Dillali yakan zo da igiya ya yanka gona gida-gida, ya matse hanya don ya sami ƙarin fuloti biyu, ba filin makaranta, ba na masallaci, ba na maƙabarta, ba inda yara za su buga ƙwallo. Sai an cika unguwa a fara neman inda za a binne mamaci. Na ji kana da niyyar sayen gona ta hanyar Dogon Daji ka yanka. In ka yi, ka fara fitar da hanya mai faɗin da mota biyu za su gifta, ka ware na jama'a tun kafin ka ƙirga naka. Ka kuma nemi takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izninta, don haka shaidar baka da muka saba da ita ba ta isa ranar da hukuma ta zo da zancen faɗaɗa hanya. Gwamnati ma takan yi nata ƙoƙarin. Marigayi Shugaba Shehu Shagari, ɗan maƙwabtanmu, ya sa an gina gidaje masu sauƙin kuɗi a duk jihohi tsakanin 1979 da 1983, niyya ce mai kyau. Amma zane iri ɗaya aka bi a wurare masu al'ada daban-daban, wasu kuma aka kai su nesa da gari. Inda Hausawa suka shiga irin waɗannan gidaje, za ka ga abin da suka fara yi shi ne kewayewa da ƙara ɗaki a ƙofa. Mutane sun san abin da rayuwarsu take bukata, ko mai zane bai tambaye su ba.

Ɗakunan haya biyu da ka ce za ka fitar ta baya, na yarda da su. Galibin masu nema yanzu mutanen ƙauye ne da tsoro ya koro, sun bar gona da rumbu. Ka yi musu taga ta kirki da makewayi nasu, kada ka tsawwala kuɗi. Kakannin wasu daga cikinsu sun sauke kakanka a nasu zauren lokacin da yake fatauci.

Game da ma'aikata, ka ɗauki na gida. Akwai birkiloli da kafintoci a garin nan da suka iya aiki, kuma wanda zai riƙa haɗuwa da kai a masallaci ba zai so bangonsa ya tsage ba. Ka sa ido a kan bulo. Masu bugawa da yawa suna tsawaita buhu ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ka murza da yatsa ka ga yashi na zuba. Gara ka sayi simintinka a buga a gabanka, a yi ta ba shi ruwa kwanaki kafin a ɗora. Rodi ma kada a rage. Lebura kuma a biya shi ranar da ya yi aiki, kada a ce ya dawo gobe, domin da kuɗin zai sayi awon daren.

Tsohon maginin da ya yi wa zaurenmu yaɓe na ƙarshe yana nan da ransa, ko da yake idonsa ya yi rauni. Na je na same shi jiya bayan la'asar. Ya ce azarar zauren lafiyarta lau, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa bara. Bangon yamma ne kawai ruwa ya ci gindinsa, kuma ana iya ɗaure shi da dutse da siminti ba tare da an taɓa rufin ba. Ya ce in mai zanenka zai yarda, yana so su zauna tare ya nuna masa yadda aka yi wa rufin ɗaurin guga, don babu wanda ya koya daga gare shi cikin 'ya'yansa.

Ka zo bayan girbi, lokacin hanya ta bushe kuma kowa yana gida. Ka taho da mai zanen, ku kwana biyu. Zan sa a share zauren a shimfiɗa tabarmi, mu kira gwaggonka da maƙwabta da mai unguwa, a buɗe takardar a ƙasa kowa ya gani. Kafin nan kada ka turo tifar ƙasa. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina ajiye masa ɗan rago.

Baffanka.